BABI NA HUƊU: ZUBI DA TAURARI A CIKIN SHIRIN BATTLESTAR GALACTICA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin jigogin wannan shiri. A wannan babi kuwa za a duba abin da ke jan labarin, wato ko zubi ne yake jan taurari, ko kuwa taurari ne suke jan zubi. Abin da ake nufi da zubi a nan shi ne yadda marubuci ya jera aukuwar abubuwa, wannan ya haifi wancan, har a kai ƙarshe. Taurari kuwa su ne mutanen da abubuwan ke faruwa a kansu, tare da halayensu da zaɓin da suke yi idan an matsa su.

Wannan muhawara tsohuwa ce. Aristotle, masanin nan na ƙasar Girka, da ya lissafa sassa shida na wasan kwaikwayo, zubi ya sa a gaba, halayyar taurari ta zo ta biyu. A shekarar 1927 kuma E. M. Forster ya raba taurari gida biyu: akwai mai fuska ɗaya wanda yadda ya shiga labari haka zai fita, akwai kuma mai fuskoki da yawa wanda yake iya ba mai karatu mamaki ba tare da ya saɓa wa halinsa ba. Ƙagaggen labarin kimiyya ya daɗe ana zarginsa da fifita zubi da na'urori a kan mutane. Ko a adabinmu, wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969) zai fi tuna tafiyar da abubuwan mamakin da aka gani a sama fiye da wani sauyi a zuciyar yaron da aka tafi da shi.

Ra'ayin da wannan babi zai kare shi ne, Battlestar Galactica ya yi ƙarfi a duk inda aukuwa ta fito daga halin tauraro, ta kuma bar masa tabo. Ya yi rauni a inda marubuta suka ɗauko wani sirri daga waje suka ɗora wa taurari. Har ila yau, za a nuna cewa raunin zubi bai tsaya a kan zubi kaɗai ba, ya koma baya ya taɓa taurarin da ake tinƙaho da su.

4.1 Yadda Aka Kafa Shirin

Glen A. Larson ne ya fara ƙirƙiro Battlestar Galactica a 1978, amma zango ɗaya kawai ya yi. Wanda ake nazari a nan shi ne sabon da Ronald D. Moore ya sake ginawa tare da David Eick. An fara da ɗan gajeren shiri mai kashi biyu a watan Disamba na 2003 a tashar Sci Fi ta Amurka, sannan aka yi zango huɗu daga 2004 zuwa Maris na 2009. Labarin ya nuna yadda Cylon, wasu na'urori masu tunani da 'yan Adam suka ƙera, suka dawo bayan shekara 40, wasunsu cikin siffar mutane, suka halaka duniyoyi 12 da makaman nukiliya. Kimanin mutum 50,000 ne suka tsira cikin ayarin jiragen sararin samaniya, tsohon jirgin yaƙi Galactica yana yi musu rakiya, suna neman wata duniya da ake kira Earth wadda labarinta ke cikin littattafan addininsu.

Moore ya fito ne daga gidan Star Trek, inda ya yi rubutu a The Next Generation da Deep Space Nine, ya kuma ɗan taɓa Voyager a 1999. A The Next Generation yawanci kowane kashi yana warware matsalarsa cikin kimanin minti 45, jirgi ya koma garau, taurari su koma yadda suke. Abin da Moore ya guje wa ke nan. A Galactica jirgin da ya lalace yakan zauna da lalacewarsa, wanda ya rasa ido ba ya samun wani. Shugaba Laura Roslin tana da wani farin allo a ofishinta inda take rubuta adadin mutanen da suka rage, kuma adadin yana sauyawa daga kashi zuwa kashi. Ita kanta Roslin ministar ilimi ce, ta 43 a jerin masu gadon mulki, kuma a ranar da duniya ta tashi ne likita ya gaya mata tana da ciwon daji. Tun daga nan an ga inda marubutan suka sa gaba.

Sai dai akwai wani abu da suka yi wanda ya zame musu ƙarfen ƙafa. A farkon kowane kashi na zangunan farko, akan rubuta a allo cewa Cylon suna da wani shiri da suke bi. Daga baya Moore da kansa ya bayyana cewa babu wani shiri da aka tsara a lokacin, an sa maganar ne don ta ja hankali. Wannan ya bambanta da Babylon 5 na J. Michael Straczynski (1994 zuwa 1998), wanda ya tsara labarin shekara biyar tun kafin a fara ɗauka. Mai kallo dai bai san da wannan ba. Shi an yi masa alkawari, ya zauna yana jira.

4.2 Inda Zubi Ya Fito Daga Hali

Kashi na farko na zango na ɗaya, mai suna "33", shi ne misali mafi sauƙi. Zubinsa ba ya da sarƙaƙiya ko kaɗan. Duk bayan minti 33 Cylon sukan bayyana, ayarin ya yi tsallen nan na ƙiftawar ido zuwa wani yanki na samaniya, a sake saita agogo. An yi haka fiye da sau 200, kwana biyar ba wanda ya runtsa. Shirin bai taɓa bayyana dalilin da ya sa minti 33 ne ba, kuma mai kallo bai damu ya sani ba, domin hankalinsa na kan fuskokin mutanen da gajiya ta cinye. Da jirgin fasinja Olympic Carrier mai ɗauke da mutum 1,345 ya ɓace, Cylon suka daina zuwa. Da ya dawo, suka dawo. Aka gano alamun makamin nukiliya a cikinsa, ya kuma ƙi amsa kira. Dole Roslin da Kwamanda William Adama su yanke hukunci, dole kuma Lee Adama da Kara Thrace su danna kunama ba tare da sun tabbata ko akwai mutane a ciki ba. Agogon nan dabara ce ta zubi, amma aikinta shi ne ta matse taurari har a ga abin da ke cikinsu. Wannan kashi ya ci lambar Hugo a 2005.

Misali na biyu ya fi nauyi. A ƙarshen zango na biyu (Maris 2006) an yi zaɓe tsakanin Roslin da Gaius Baltar, masanin kimiyyar da sakacinsa da son matansa suka buɗe wa Cylon ƙofar tsaro tun farko. Baltar ya yi wa jama'a alkawarin sauka a wata duniya mai sanyi da aka gano, wadda aka sa wa suna New Caprica. Roslin ta tabbata wannan halaka ce, saboda haka ta yarda mutanenta su murɗe ƙuri'a. Felix Gaeta ya gano maguɗin, Adama ya tunkare ta, ta janye. Baltar ya hau mulki, aka sauka, bayan shekara ɗaya Cylon suka zo suka mamaye su. A lura, babu wani ƙulli a wannan jeri da ya faɗo daga sama. Roslin ta yi maguɗi ne saboda tun farko an nuna ta mace ce mai ganin ita kaɗai ta san daidai. Ta janye ne saboda akwai iyakar da ba za ta iya ƙetarewa a gaban Adama ba. Gaskiyar da suka riƙe ce ta jawo mutuwar dubban mutane, kuma shirin bai ce sun yi daidai ba, bai ce sun yi kuskure ba.

A ƙarƙashin mamayar ne aka sami abin da mai wannan nazari yake ganin shi ne ƙololuwar shirin baki ɗaya. An nuna waɗannan kashe-kashen a Oktoba 2006, lokacin da sojojin Amurka ke Iraƙi, kuma masu sharhi da dama sun lura da kamannin: ga 'yan mamaya, ga 'yan sandan gida masu rufe fuska, ga 'yan tawaye masu ƙunar baƙin wake, sai dai a nan taurarin da mai kallo ke so su ne 'yan tawayen. Kanar Saul Tigh, mataimakin Adama, mashayi mai zafin rai, shi ne ya jagoranci tawayen. An tsare shi, an cire masa ido ɗaya. Matarsa Ellen ta ba da kanta ga wani Cylon mai suna Cavil don a sake shi, daga baya kuma, da aka yi barazanar sake kama shi, ta saci taswirar wurin taron 'yan tawaye ta miƙa. Aka yi musu kwanton ɓauna. Hukuncin maci amana a wurinsu kisa ne, kuma Tigh ne da kansa ya kafa wannan tsauri. Sai ya zuba mata guba a abin sha, ta sha, ta mutu a jikinsa.

Idan aka tambaya, shin wannan zubi ne ko hali, tambayar ba ta da amsa, domin a nan abu biyun sun zama ɗaya. Ellen ta ci amana saboda so. Tigh ya kashe ta saboda ba zai iya ɗora wa 'ya'yan wasu dokar da zai ɗage wa matarsa ba. Da za a cire Tigh a sa Adama ko Lee a gurbinsa, da labarin bai tafi haka ba. Wannan shi ne ma'aunin da wannan babi ya dogara da shi: idan za a iya musanya tauraro da wani, aukuwar ta zauna yadda take, to zubi ne ke ja. Idan ba za a iya ba, hali ne.

Ko a zango na huɗu, inda rauni ya yi yawa, boren da Gaeta ya jagoranta tare da ɗan siyasa Tom Zarek (Janairu zuwa Fabrairu 2009) ya ci wannan ma'auni. Gaeta ƙaramin hafsa ne mai biyayya wanda shekara da shekaru ana tara masa ciwo: ya yi wa Baltar aiki a New Caprica yana taimakon 'yan tawaye a ɓoye, saura ƙiris 'yan uwansa su kashe shi bisa zargin cin amana, ya rasa ƙafa, sannan aka ce ya haɗa kai da wani ɓangare na Cylon ɗin da suka halaka duniyarsa. Da ya ɗauki makami, ba wanda ya ce daga ina wannan ya fito.

Ba a ce duk inda aka tsaya kan taurari an yi nasara ba. Rikicin soyayyar Lee da Kara da ma'auratansu a zango na uku ya ja lokaci ba tare da ya motsa komai ba. Hali ne ba aukuwa, kamar tuƙa tuwo ba wuta.

4.3 Sirrin Biyar na Ƙarshe

Tun farko an faɗa cewa Cylon masu siffar mutane iri 12 ne. Zuwa ƙarshen zango na biyu an ga bakwai. A kashin ƙarshe na zango na uku (Maris 2007) mutum huɗu suka riƙa jin wani kiɗa da ba wanda ke ji sai su, kiɗan ya haɗa su a ɗaki ɗaya, suka gane su Cylon ne. Su ne Tigh, da Galen Tyrol shugaban makanikai, da Samuel Anders, da Tory Foster mai taimaka wa Roslin. Uku na farko su ne ginshiƙan tawayen New Caprica. A Janairu 2009 aka bayyana ta biyar: Ellen.

A daren da aka nuna shi, abin ya girgiza masu kallo, kuma dole a yaba wa ɗan wasa Michael Hogan kan yadda Tigh ya miƙe ya ce ko mene ne shi, hafsan rundunar nan ne, a haka kuma zai mutu. Wannan martani na Tigh ne, ba wani da zai yi shi haka. Amma ita bayyanar kanta ba ta ci ma'aunin da aka kafa a sama ba. Ba wani abu a halin Tyrol ko Tory da ya sa dole su ne. Marubutan ba su ɓoye cewa a lokacin rubuta zango na uku ne suka zaɓi waɗannan sunaye ba. An zaɓe su ne don girman mamakin da za su bayar.

Alamun ɗinkin sun fito fili. Shirin ya daɗe yana gina muhimmancin Hera, yarinyar da aka ce ita kaɗai ce aka haifa tsakanin mutum da Cylon. To amma Tyrol yana da ɗa da matarsa Cally. Sai a zango na huɗu aka ce ai yaron ba nasa ba ne, na wani matuƙin jirgi ne, aka ɓata sunan matar da ta riga ta mutu don a toshe ramin zubi. Tigh kuma an san shi da tarihin yaƙin Cylon na farko. Don warware wannan da sauran tambayoyi, a kashin "No Exit" (Fabrairu 2009) aka kwantar da Anders a gadon asibiti da harsashi a kansa, ya dinga zubo tarihin shekaru dubbai da baki, sauran suna tsaye suna saurare. Shirin da ya saba nuna abu a aikace ya koma karanta wa mai kallo takarda.

Babbar asarar kuwa a kan Ellen ta faɗa. Tunda Cylon ce, gubar ba ta kashe ta ba, ta farka a sabon jiki, ta kuma dawo Galactica. Mai kallon da ya sake komawa kan wancan dare na New Caprica ba zai iya kallonsa da idon farko ba. Abin da ya ba wurin nauyi shi ne ba a dawowa daga gare shi. Za a iya cewa baƙin cikin Tigh na gaske ne tunda bai sani ba, kuma haka ne. Duk da haka, abin da mai kallo ya ɗauka mutum ne ya zaɓa da hannunsa, ya koma wani mataki a cikin wasan da Cavil ya shirya wa waɗanda suka ƙera shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba za a karɓi hujjar masu cewa a bar zubi a kalli taurari kawai ba. Tauraro ba ya da wani jiki sai abin da ya aikata, kuma idan aka sauya ma'anar aikin, an sauya shi.

4.4 Kashin Ƙarshe

An nuna ƙarshen "Daybreak" ranar 20 ga Maris 2009. Moore ya ba da labarin cewa ya sha wahala wajen tsara zubinsa, har ya kai ga yanke shawarar cewa taurari ne abin dubawa, zubi ya biyo baya. Kashin ya nuna amfanin wannan shawara da kuma tsadarta.

Kara Thrace ta mutu a zango na uku, jirginta ya fashe a gaban Lee. Ta dawo da sabon jirgi fil, daga baya ta tarar da gawarta a Earth ta farko, wadda aka samu nukiliya ta ƙone ta. A kashin ƙarshe ta mayar da sautukan kiɗan nan lambobi, ta shigar a na'urar tsalle, sai ga su a duniyarmu, shekara 150,000 kafin zamaninmu. Tana cikin magana da Lee a wani fili, ya juya, ya waiwayo, babu ita. Ba a faɗi ko ita mece ce ba. Sannan jama'ar da ta rage, ƙasa kaɗan da 40,000, mutanen da suka yi shekara huɗu suna jayayya kan zaɓe da yajin aiki da rabon abinci, suka amince a tura jiragensu duka cikin rana, su watsu a daji ba asibiti ba injin. Ba a nuna ko mutum ɗaya ya ce a'a ba. An yi haka ne kawai don labarin ya dace da tarihin duniyarmu, inda ba a tono kumbo a ƙasa ba.

Ya kamata a yi adalci a nan. Masu suka da yawa sun ce laifin ƙarshen shi ne shigo da ikon Ubangiji cikin labarin kimiyya. Wannan nazari bai yarda da haka ba. Addini yana cikin shirin tun daga farko: Cylon masu kaɗaita abin bauta ne, mutane masu bautar alloli da yawa, Roslin kuma ta ɗauki kanta shugabar da annabcinsu ya ce za ta jagorance su tana kan hanyar mutuwa. Muddin ana iya fassara abu ta hanya biyu, ko wahayi ne ko maganin da take sha ne, imanin yana bayyana halin mai shi. Matsalar ta zo ne lokacin da aka mayar da ƙaddara aljihun da ake zaro kuɗin biyan duk bashin da marubuta suka ci. Fim ɗin The Plan da ya fito a ƙarshen 2009, wanda Edward James Olmos ya ba da umarni, yunƙuri ne na biyan wancan tsohon alkawari bayan an riga an tashi kasuwa.

A cikin wannan kashi ɗaya kuma akwai wuraren da ba su buƙaci wani sirri ba. Ana dab da ƙulla sulhu da Cavil, sai Tyrol ya gano Tory ce ta kashe Cally, ya shaƙe ta nan take, sulhun ya wargaje. Roslin ta cika a cikin ƙaramin jirgi kusa da Adama, suna shawagi a kan garken namun daji, ya zare zobensa ya sa mata. Ciwon da aka faɗa a sa'ar farko ta shirin shi ne ya ɗauke ta, ba a kawo wata dabara ta cece ta a karo na ƙarshe ba. Baltar kuwa, wanda ya yi rayuwarsa yana ɓoye asalinsa har ya sauya karin harshensa, tun a zango na uku ya taɓa gaya wa Tyrol daga cikin kurkuku cewa shi ɗan manoma ne daga Aerilon, duniyar da ake rainawa. Da suka sauka, ya hango wani fili, ya fara cewa ya san noma, sai kuka ya ƙwace masa kafin ya ƙarasa.